Ranar da aka riƙe mana kuɗi, da yadda na sake zaɓen dandalin biya

Da safiyar wata Talata na kunna kwamfuta da niyyar in tura wa maɗaba'ar da ke buga mana littattafai kuɗinta, sai na tarar da jan rubutu a saman shafin asusunmu. An dakatar da fitar da kuɗi, wai ana duba harkokin asusun. Ga kuɗin nan ina kallonsu, ba su ragu ko kaɗan ba, amma maɓallin da nake dannawa su sauka a bankinmu ya dushe, ko na danna ba ya motsi. Cinikin mako uku ne cur, kuma tun da muka fara sana'ar ba mu taɓa yin ciniki kamarsa ba.

Ni da yayana ke da kasuwancin. Muna koyar da zane ta bidiyo, ɗalibi ya riƙa biya duk wata, sannan muna sayar da littattafan atisaye da ake aika wa mutum har inda yake. Ɗalibanmu a warwatse suke cikin ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Don haka duk abin da zai shigo hannunmu, ta ƙofar dandalin karɓar kuɗi yake bi, kuma ranar nan ƙofar a rufe take.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Lokacin da ka buɗe asusun nan, ka karanta yarjejeniyarsu?" Na ce ban karanta ba. Ya ce, "To, yau sai ka karanta." Bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi zai kira maɗaba'a ya nemi su yi mana haƙuri, ni kuma in zauna da takardar.

Gaskiyar magana, a karon farko cikin yamma ɗaya na yi zaɓen. Na jera kamfanoni huɗu, na duba kason da kowanne ke cira daga ciniki, na ɗauki wanda ya fi araha. Cikin minti ashirin an buɗe mana asusu, washegari kuɗin farko suka shigo. Shekara biyu muka yi babu abin da ya taɓa haɗa mu da su, har na manta akwai wani tsakaninmu da ɗalibanmu.

A cikin yarjejeniyar na ga komai a rubuce. Suna da ikon riƙe kuɗi har kwana 180 idan sun ga alamar haɗari. Suna da ikon ware wani kaso na cinikinmu su ajiye a matsayin jingina. Suna da ikon rufe asusun. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin da na karanta na wasu daga baya na tarar kusan kowa yana da irin waɗannan sharuɗɗa, lafazin ne kawai ya bambanta. Na ɗauki kwanaki ina jin haushi kafin in gane dalilin da ya sa ake rubuta su, kuma gane dalilin shi ya canza yadda na yi zaɓe na biyu.

Idan mutum ya biya da kati, kuɗin ba daga aljihunsa suke tashi su faɗo naka kai tsaye ba. Akwai bankin da ya ba shi katin. Akwai kamfanin da ke da hanyar da katin ke bi, irin su Visa da Mastercard. Akwai bankin da ke karɓa a madadin ɗan kasuwa, sai kuma dandalin da kai kake gani. Abin da ban sani ba shi ne, mai kati yana da haƙƙin komawa bankinsa ya ce bai yarda da cinikin ba, ko don ba shi ya yi ba, ko don kayan ba su iso ba, sai banki ya janye kuɗin daga ɓangaren ɗan kasuwa. A Amurka wannan haƙƙi yana da tushe a wata doka ta 1974, kuma ƙa'idojin kamfanonin kati sun yaɗa shi ko'ina. Galibi mai kati na da kwana 120 na yin wannan ƙorafi, kuma idan kaya ne da za a kawo nan gaba, ana iya fara ƙirga kwanakin daga ranar da ya kamata su iso. To idan ɗan kasuwa ya kwashe kuɗinsa ya ɓace, wa zai biya? Dandalin ne zai biya. Ashe duk lokacin da suka sakar maka kuɗin ciniki bayan kwana biyu ko uku, tamkar rance suka ba ka bisa amana.

Da na kalli abin da muka yi da idonsu, sai jikina ya yi sanyi. Mun sanar da sabon kwas, muka ce a biya tun yanzu, darasi zai fara bayan wata biyu. Ciniki ya ninka sau biyar cikin 'yan kwanaki, da yawa daga ƙasashen da ba mu saba samun masu saye ba. Mu a wurinmu nasara ce. Su kuwa na'urarsu ta ga asusun da ya saba tafiya a hankali ya yi tsalle, yana karɓar kuɗin abin da bai riga ya bayar ba. Haka asusun mazambaci yake yi kafin ya gudu.

Sun nemi takardar rajistar kamfani, katin shaidar mu biyun, bayanan banki na wata shida, jadawalin darussa, da shaidar cewa littattafan baya sun isa hannun masu su. Na tura duka a rana ɗaya. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne rashin wanda zan yi magana da shi. Duk saƙon da na aika, amsa iri ɗaya ke dawowa, kuma kowane lokaci da sunan wani ma'aikaci daban. Bayan kwana 19 aka saki mafi yawan kuɗin, aka riƙe wani kaso na wata uku. A cikin kwanakin nan Yaya ya biya malamanmu biyu albashi daga ajiyarsa.

Da ƙura ta lafa ya ce mini, "Ban ce lallai mu bar su ba. Amma wannan karon a yi zaɓen da ido buɗe. Ka ɗauki lokacinka." Na ɗauki mako shida.

Abu na farko da na yi ba duba kamfanoni ba ne. Na zauna na rubuta yadda kuɗi ke shigo mana: nawa ne na wata-wata, nawa ne na littafi, matsakaicin ciniki ɗaya nawa ne, daga waɗanne ƙasashe, da wane irin kuɗi. Sannan na aika wa ɗalibanmu tambaya ɗaya, cewa da wace hanya suka fi son biya. Amsoshin sun ba ni mamaki. Na ɗauka kowa kati yake so, ashe da yawa dole ce ta sa suke amfani da shi. Wata ɗaliba daga Holand ta ce ita da iDEAL take biyan komai, hanyar da ke cire kuɗi kai tsaye daga banki, wadda ake amfani da ita a can tun 2005. Wani daga Brazil ya ambaci Pix, wanda babban bankin ƙasar ya ƙaddamar a 2020. Na Indiya suka ce UPI, wanda ya fara a 2016. Wani daga Kenya ya tambaya ko za mu karɓi M-Pesa, wanda ke aiki ta wayar hannu tun 2007. Wani kuma ya rubuto cewa sau uku yana ƙoƙarin shiga kwas ɗinmu katinsa na ƙin wucewa, har ya haƙura ya nemi wani ya biya masa. Wannan saƙon ya daɗe a raina. Shi ya dage ya shigo. Waɗanda suka gwada sau ɗaya suka juya fa? Ba za su taɓa fitowa a lissafinmu ba, domin cinikin da bai auku ba ba ya barin sawu.

Daga nan na fahimci cewa kamfanonin ba aiki iri ɗaya suke yi ba, ko da yake tallarsu duk kama take. A da, duk mai son karɓar kati sai ya je banki ya nemi asusun ɗan kasuwa na kansa, a bincike shi makonni kafin a amince. PayPal, wanda tushensa ya faro a 1998, da Square a 2009, da Stripe da 'yan'uwan nan biyu 'yan Ailan, Patrick da John Collison, suka kafa a 2010, sun sauƙaƙa wannan ƙwarai: ƙananan 'yan kasuwa su shiga ƙarƙashin inuwar babban kamfani, a buɗe musu cikin mintuna. Alheri ne babba, in ba don shi ba da irinmu ba mu fara ba. Sai dai a irin wannan tsari binciken bai ɓace ba, ɗage shi aka yi. Maimakon a tantance ka sosai ranar shiga, sai a tantance ka ranar da kuɗinka suka yi yawa. Akwai kuma irin Adyen na Amsterdam, wanda aka kafa a 2006, da ya fi karkata ga manyan kamfanoni. Sannan akwai wani rukuni, kamar Paddle na Landan, waɗanda su ne ke zama masu sayarwa a idon doka, su karɓi kuɗi da sunansu, su biya harajin kowace ƙasa, su ba ka saura. Kasonsu ya fi yawa, amma na tsaya a kansu sosai, domin tun 2015 Tarayyar Turai ta mayar da harajin sayen kayan dijital zuwa ƙasar da mai saye yake zaune, kuma wannan nauyi ne da ƙaramin kasuwanci ba ya iya ɗauka cikin sauƙi. Matsalar ita ce irin waɗannan sun fi karɓar kayan dijital, mu kuwa muna da littafi na takarda. Wasu kamfanonin kuma tun a shafin farko suka fita daga jerina, domin ba sa buɗe wa kamfanin da aka yi wa rajista a ƙasarmu asusu. Wannan ya kamata mutum ya fara dubawa kafin ya ɓata dare yana kwatanta farashi.

Uku suka rage. A nan ne Yaya ya karɓi alƙalami, domin lissafi aikinsa ne.

Ya ce in daina kallon kason da aka rubuta da manyan haruffa. Kusan kowane dandali yana cire kaso cikin ɗari, sannan ya ƙara wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane ciniki, babba ko ƙarami. Ya zana mini a takarda. A ɗauka ƙayyadadden kuɗin 30 ne. A cinikin 10,000, wannan kashi 0.3 ne cikin ɗari, ba za ka ji shi ba. A cinikin 1,000 ya zama kashi 3. A cinikin 500 ya zama kashi 6, ya ninka ainihin kason da ake tallatawa. Mu kuma yawancin cinikinmu ƙanana ne na wata-wata. Sai ga shi kamfanin da na zata ya fi tsada shi ya fi mana sauƙi, domin ƙayyadadden kuɗinsa ƙarami ne.

Bai tsaya nan ba. Ya ciro cinikinmu na wata uku da suka wuce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da farashin kowane kamfani. Katin ƙasar waje yana da ƙarin kaso. Canjin kuɗi yana da nasa, kuma shi ne ya fi ɓuya, domin sau da yawa ba a rubuta shi a matsayin caji, ana cusa shi ne cikin farashin canjin da za a ba ka. Idan ka mayar wa mai saye kuɗinsa, kamfanoni da yawa ba sa dawo maka da kason da suka riga suka cire. Idan mai kati ya kai ƙorafi banki, akwai tara ta daban, wasu ma ko ka yi nasara ba za su mayar da ita ba. Wani kuma yana cajin sauke kuɗi zuwa banki idan kana son su iso da wuri. Da ya gama haɗawa, tazarar da ke tsakanin ukun ba ta kai yadda na zata ba, amma jerin ya juye, na farko ya koma na ƙarshe.

A wannan binciken ne na san cewa sau da yawa babban ɓangaren kason ba na dandalin ba ne, na bankin da ya ba da katin ne. Tarayyar Turai ta sa wa wannan iyaka a 2015: kashi 0.2 cikin ɗari ga katin cire kuɗi, kashi 0.3 ga katin bashi na ɗaiɗaikun mutane. Shi ya sa karɓar katin Turai a cikin Turai ya fi araha fiye da wurare da dama. Wasu dandamali kan ba ka farashi ɗaya dunƙule, wasu kan rarraba maka, ga na banki, ga na kamfanin kati, ga namu. Na biyun ya fi gaskiya a fili, amma sai cinikinka ya yi kauri yake da riba, kuma karanta takardarsa aiki ne. Mun zaɓi dunƙulallen don girmanmu bai kai ba.

Sai yarjejeniya. Wannan karon na buga ta kowane kamfani a takarda, na zauna da biro. Na nemi wurin da aka yi maganar riƙe kuɗi, da jingina, da rufe asusu, da jerin sana'o'in da ba sa karɓa. Wannan jerin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ana iya buɗe maka asusu yau, bayan wata shida a gano sana'arka na cikinsa a rufe. Kowane ɗan kasuwa ana ba shi lamba mai alƙaluma huɗu da ke nuna irin sana'arsa, kuma da ita bankuna ke auna haɗarinsa, saboda haka na tabbatar wadda za a ba mu ta dace da abin da muke yi. Na kuma ga cewa kamfanonin kati na sa ido kan yawan ƙorafin da ake kaiwa a kan ɗan kasuwa, a lokacin idan ya doshi kashi 1 cikin ɗari na cinikinsa, yana iya shiga jerin waɗanda ake tuhuma. Ƙorafi ɗaya cikin ɗari ba abu ne mai nisa ba ga wanda cinikinsa bai da yawa.

Daga nan na yi abin da nake ganin ya fi komai amfani cikin mako shidan. Na rubuta wa kowane kamfani wasiƙa iri ɗaya. Na faɗi abin da muke sayarwa, na ce sau biyu a shekara muna karɓar kuɗin kwas kafin a fara shi, kuma a lokacin ciniki kan ninka. Na faɗa musu ƙarara cewa an taɓa riƙe mana kuɗi. Na tambaya me za su yi idan haka ta faru a wurinsu, kuma wa zan sanar tun kafin lokacin. Yaya ya ɗan yi shakka, ya ce kada mu tona wa kanmu asiri su ƙi mu. Na ce, "Yaya, in za su ƙi mu, gara su ƙi mu yanzu da babu kuɗinmu a hannunsu." Ya ce haka ne.

Ɗaya ya turo mini adireshin shafin tambayoyi da amsoshi. Ɗaya ya yi kwana tara bai amsa ba. Na uku, wata ma'aikaciya ce ta amsa bayan kwana biyu, ta yi mini tambayoyi biyar masu ma'ana, ta ce kafin kowane babban kwas mu aiko da sanarwa mako biyu gaba tare da jadawalin darussa, kuma ta faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa suna iya ajiye wani kaso har darasi ya fara. Ba ta yi mini alkawarin ba za a riƙe komai ba. Amma na san nawa ne, na san har yaushe, na san wa zan rubuta wa. Da wannan za a iya tsara kasafi.

Duk da haka ban yanke hukunci ba sai da muka gwada, don gani ya kori ji. Akwai wani matashi da ke kula mana da shafin intanet, shi ya haɗa dandamali biyu a kwafin shafinmu. Kowane dandali na kirki yana da sashen gwaji da katunan bogi. Na Stripe, alal misali, sananne ne a wurin masu wannan aiki, 4242 sau huɗu. Ni na so in ga biya ya wuce in ce shi ke nan. Shi kuwa ya ce, "Malam, wucewa ai kowa zai wuce. Bari mu ga yadda yake faɗuwa." Ya gwada katin da babu kuɗi, da wanda ya ƙare, da wanda banki ya ƙi. Ya kashe intanet ana tsakiyar biya. Ya danna maɓallin biya sau biyu da sauri ya ga ko za a cire kuɗi sau biyu. Ya rufe shafin bayan an cire kuɗi amma kafin a dawo da mutum wurinmu, don ya ga ko shafinmu zai san an biya. A nan ya nuna mini cewa bai kamata shafi ya dogara da dawowar mai saye ba, akwai saƙon da dandali ke aika wa kwamfutarmu ta bayan fage yana tabbatar da biya, kuma shi ne abin dogaro. Tsohon haɗinmu bai yi amfani da shi yadda ya kamata ba. Nan take na tuna da ɗaliban da kan rubuto cewa an cire musu kuɗi amma darasi bai buɗe ba, muna ɗauka matsalar bankinsu ce.

Mun kuma gwada da waya mai tsohon ƙira da intanet mai rauni, domin yawancin ɗalibanmu da waya suke shigowa. Shafin biya na ɗaya ya yi nauyi, yana neman bayanai har goma sha ɗaya. Na ɗayan ya tambayi abin da ya zama dole kawai.

Batun tsaro ya zo mini da sauƙi fiye da yadda na ji tsoro. Akwai ƙa'idar kare bayanan kati da ake kira PCI DSS, wadda ta fara fitowa a 2004, kuma tun 2006 wata majalisa da Visa, Mastercard, American Express, Discover da JCB suka kafa ce ke kula da ita. Duk mai karɓar kati tana hawa kansa, amma nauyinta ya dogara da ko lambar katin na ratsawa ta kwamfutarka. Idan mai saye yana rubuta lambar a shafin dandalin ko a cikin akwatin da dandalin ke riƙe da shi, kai ba ka taɓa ganinta ba, sai a ba ka wata lambar wakilci da ba ta da amfani ga ɓarawo. Matashin ya so ya zana mana shafin biya namu na kanmu don ya fi kyau. Na ce a'a. Amanar lambar katin mutane ba abin da nake son ɗauka ba ne. Ko lambobin nan uku na bayan kati, ƙa'idar ta hana a ajiye su bayan an amince da ciniki.

Inda muka yi gardama da Yaya shi ne tantancewar 3-D Secure, wato lokacin da bankin mai kati ke turo masa lamba ko ya nemi ya amince ta manhajarsa kafin kuɗi su fita. Visa ce ta fara fito da ita a 2001, aka sabunta ta a 2016, kuma dokar Turai da ta fara aiki a 2019 ta wajabta irin wannan tantancewa ga yawancin biyan intanet a can. Amfaninta a gare mu babba ne, domin idan an tantance ciniki daga baya aka ce katin sata ne, galibi asarar kan koma kan bankin da ya ba da katin. Illarta kuma, wasu masu saye kan ɓace a wannan matakin, lamba ba ta iso ba ko sun gaji. Yaya ya so a kunna ta ga kowa. Ni ina tuna mutumin nan da ya gwada sau uku. Muka tsaya a tsakiya: a nemi tantancewa a biyan farko na sabon ɗalibi da duk babban ciniki, a bar sabuntawar wata-wata ta wuce. Dandalin da ya ba mu damar tsara haka da kanmu ya samu ƙarin maki a wurina.

Mun zaɓi na ukun nan, wanda ma'aikaciyarsa ta amsa wasiƙa. Ba shi ne mafi araha ba, na biyu ne a lissafin Yaya. Kuma ba ya karɓar duk hanyoyin biyan da ɗalibanmu suka ambata, ya ɗauki wasu ya bar wasu.

Ƙaura ita ce ta fi wuya, kuma a nan na so a ce na yi tambaya tun shekara biyu baya. Katunan ɗalibanmu na wata-wata duk suna ajiye a tsohon dandali, lambobin wakilcin da ke hannunmu kuwa a can kaɗai suke aiki. Ana iya miƙa bayanan kati daga wani kamfani zuwa wani ta amintacciyar hanya idan duka biyun sun yarda, amma sai ka nema, kuma sai ka jira. Namu ya ɗauki kusan wata guda. Wasu katunan ba su ƙaura ba, dole muka roƙi masu su su sake shigar da su, kuma ba duka suka dawo ba. Na rubuta wa kowannensu da hannuna, ban bar wa na'ura ba. Kafin mu sa hannu da sabon kamfanin, sai da na samu a rubuce cewa ranar da muka so tafiya za su miƙa bayanan.

Wani ƙaramin abu da matashin ya lura da shi ya rage mana ƙorafi sosai. Sunan da ke fitowa a takardar bankin ɗalibi ba sunan makarantar ba ne, sunan kamfanin da muka yi rajista da shi ne, wanda babu ɗalibin da ya san shi. Mutum zai ga baƙon suna ya cire masa kuɗi, ya ɗauka sata ce, ya kira banki. Muka gyara shi ya zama sunan da suka sani. Muka kuma fara tura saƙon tuni kwana uku kafin a cire kuɗin wata, muka sa maɓallin soke rajista a fili. Wanda ke son tafiya gara ya tafi ta ƙofarmu da ya bi ta banki.

Tsohon asusun ba mu rufe shi ba. Yaya ne ya dage a kan haka, kuma yana da gaskiya. Cinikin littattafai yana bi ta can har yanzu, na darussa ta sabon, kuma matashin ya tsara shafin yadda za a iya karkatar da duka zuwa ɗaya cikin awa guda idan ɗayan ya tsaya. Mun kuma daina barin kuɗi su taru a dandali. Duk abin da ya isa sauka, ranar yake sauka.

Da lokacin kwas na gaba ya matso, saura mako biyu na aika sanarwar kamar yadda aka ce, da jadawali da adadin da muke hasashe. Amsa ta zo cewa za su ajiye kashi 10 cikin ɗari har darasi na farko ya fita. Yaya ya cire wannan daga kasafin watan tun kafin a fara sayarwa, ya kira maɗaba'a ya sa musu ranar biya. Ranar da aka buɗe rajista na zauna gaban kwamfuta har dare ina kallon biya na shigowa, wasu da kati, wasu ta banki kai tsaye. Cikinsu na ga sunan mutumin nan da katinsa ya taɓa ƙin wucewa sau uku, wannan karon da kansa ya biya. Bayan kwana biyu, da safe, Yaya ya turo mini hoton saƙon banki, ya rubuta a ƙasa: "Sun sauka. Ka tura wa maɗaba'a."